Dodon Da Na Ɗinka

Lahadi, 20 ga Sha'aban 1362, bayan la'asar

Yau aka yi sadakar uku ta ƙanena Na'Allah. An raba gumba, Malam Bunu limaminmu na Kukar Shatu ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Ni kuwa ina zaure ina karɓar gaisuwa, ana ce mini ya haƙuri, ina cewa da godiya. Har hawaye na yi, ban san daga inda suka fito ba, don kuwa Na'Allah yana nan da ransa a kogon Dutsen Kurma. Na ma ɓoye masa curi biyu na gumbar sadakarsa, gobe zan kai masa.

Da boko nake rubuta wannan, saboda duk garin nan ni kaɗai ke iya karanta shi. Dole in gaya wa wani, in ba haka ba cikina zai fashe, kuma takarda ba ta zuwa rijiya ta yi surutu.

Watan jiya aka aiko daga Roni, a ba da samari huɗu daga garinmu don aikin soja. Ni Falalu malamin fata ne na En'e, aikina duba kirgi da buga masa hatimi, amma duk ranar da mai gari ke son rubutu ni yake kira. Ya zauna yana faɗin sunaye ina rubutawa. Na uku da ya faɗa shi ne Na'Allah. Da hannuna na rubuta shi. Na fito na zagaya bayan katanga na yi amai.

Shekara biyu ke nan da aka kawo mana kayan yayanmu Halliru daga yaƙin Habasha. Bargo ɗaya da kwanon cin abinci. Ba gawa, ba kabari. Yanzu kuma an ce waɗannan teku za a ƙetara da su. Na rantse ba za a kawo wa Inna bargo na biyu ba.

Inna ba ta san komai ba. Ba wanda ya sani sai ni da shi.

Talata, 22 ga Sha'aban, da hantsi

Na kai masa gumbar. Ya ce gishiri ne kawai babu a mutuwa, in taho masa da shi. Yaron nan ko a kabari sai ya yi wasa.

Bari in rubuta yadda na ɗinka dodon da aka ce ya cinye shi, don wallahi aiki ne, kuma ba mai yaba mini. Ubanmu majemi ne, na riƙe basilla tun ban iya ɗaura wando ba. Duk fatar da na ƙi buga wa hatimi saboda yankan wuƙa ko ruɓa, na tara ta a bayan rumfar shanya. Bayan dodon kirgin bijimi ne, ƙirjinsa fatar raƙumi, kafaɗu fatar kura da wani maharbi ya kawo daga Gwiwa, kai kuma na jaki ne na tsaga bakin har kunne na dasa masa haƙoran da na fere daga ƙaho. Dabba huɗu a jiki ɗaya. Muryar ita ce gwaninta. Ƙaramin tulu na rufe wa baki da fatar akuya, na zura igiya ta tsakiya. In ka jiƙa hannu ka ja igiyar, sai ya yi wani gurnani da ni da na haɗa shi ma sai da tsikar jikina ta tashi.

Sau uku na sa shi da kaina, na tsaya a kan dutse da yamma inda masu itace za su hango ni. Kafin mako ya zagayo, matan garin nan sun ƙara masa wutsiya da idon wuta, wata ma ta rantse ya kira sunanta. Ni ban ɗinka wutsiya ba. Da labari ya nuna, sai muka yaga rigar Na'Allah, muka shafa mata jinin bunsuru, muka yar a gindin dutse.

Mutanenmu fa! Ka ce musu su shanya fata a inuwa, shekara biyar ba su ji ba. Ka nuna musu kan jaki sau uku, sun haddace.

Alhamis, 24 ga Sha'aban, da azahar

Daudu, dogarin da ke zuwa ɗaukar samarin, ya dawo. Tun ranar farko bai yarda ba. Ya juya rigar ya ce, "Malam Falalu, kai ne masanin fata. Wane irin dodo ne ke yaga riga daidai kan ɗinki?"

Na ce ban taɓa zama da dodo ba balle in san tsarinsa.

Abin da ya sa aka soke sunan ran nan, kukan Inna ne. Da aka miƙa mata rigar, ta faɗi cikin taɓo tana birgima tana kiran Auta, Auta, har Daudu ya kau da kai. Da na gaya mata gaskiya da ba za ta iya wannan kukan ba. Inna ko ɓoye goro ba ta iya ba, kuma da washegari za a gan ta da ƙwaryar tuwo ta nufi dutse. Haka nake gaya wa kaina, kuma gaskiya ne.

Yau Daudu ya ce bayan Sallah zai tara maharba su hau su ga abin da idonsu.

Asabar, 26 ga Sha'aban, da safe

An tafi da su huɗu. An cike gurbin da Sama'ilu, ɗan Saude maƙwabciyarmu. Ban rubuta wannan sunan ba, na ce hannuna na ciwo.

Laraba, 1 ga Ramadan, bayan la'asar

An tashi da azumi. Na ce zan je duba kirgi a ƙauyukan bayan dutse, na bi ta cikin gero, ya yi tsawon da ko mai raƙumi sai ya ɓace.

Ruwa ya jiƙa fatar, ta fara wari. Kogon gaba ɗaya ya ɗauka. Na'Allah ya ce in ya sa ta, sai ya ji wani abu na tafiya a wuyansa. Na duba, tsutsa ce. Na kankare, na zuba toka.

Ya ce, "Yaya, ina Inna?"

Na ce tana lafiya.

"Tana cin abinci?"

Na ce azumi ake, wa ke cin abinci?

Ya kafe ni da ido. Sai na fara faɗa, don faɗa ya fi mini sauƙi. Na ce masa ya buɗe kunnensa da kyau. Duk wanda ya hawo, makiyayi ne, maharbi ne, mace ce, ya sa fatar ya ja igiya. Kada ya yi magana. Ko tari kada ya yi irin na mutane. Na ce, "Ko wane ne, ka ji ko? Ko ni ka gani tare da wani, ka kore mu. Kalma ɗaya ta fita daga bakinka, kai teku, ni gidan yari, Inna kuma ta mutu ita kaɗai."

Ya ce, "Har yaushe?"

Na ce har yaƙi ya ƙare.

Ya ce, "Yaushe zai ƙare?"

Sai ka ce ni na fara shi.

Juma'a, 3 ga Ramadan, bayan an sauko daga masallaci

Gidan ya yi faɗi. Hafsatu matata tana Kanya Babba wurin iyayenta goyon ciki, saura ni da Inna. Da an sha ruwa sai ta kurɓi kunu sau biyu ta ture.

Ta aika aka kira mata Malam Bunu. Ina jin su daga zaure. Ta ce, "Malam, babban ba shi da kabari." Ba ta faɗin sunan Halliru, ɗan fari ne. "Yanzu Auta ma babu. Na haifi maza uku, biyu sun tafi, ba inda zan nuna in ce nan suke. A binne rigar mana."

Malam ya ce ba a yi wa riga salla. Ya ce da an sami wani abu na jikinsa, da sai a lulluɓe a rufe, hankalinta ya kwanta.

Ta ce, "Ko ƙashi ɗaya?"

Ya ce ko ƙashi ɗaya.

Da ma bai faɗi haka ba. Malamai ba su san abin da maganarsu ke yi ba in ta shiga kunnen tsohuwa.

Litinin, 6 ga Ramadan, bayan azahar

Inna ta hau dutse yau da hantsi. Ban san ta fita ba. Ina rumfar shanya ina aiki.

Allah ya sa Saude da wasu mata biyu suka bi ta a baya. Daga bakinsu na ji, kuma yanzu duk gari ya ji. Ta ɗauki sandarta da ƙyallen fari da ta yaga daga likkafanin da ta ajiye wa kanta. Da azumi a bakinta ta hau, tana hutawa tana tashi. Matan suka laɓe a bayan wani falalen dutse.

Abin ya fito daga kogo. Saude ta ce warinsa ya riga shi isowa. Inna ba ta gudu ba. Ta durƙusa ta shimfiɗa ƙyallen a gabanta ta ce, "Kai wannan, ko aljan ne kai ko dabba, ba faɗa na zo ba. Ka ci, ka ƙoshi, Allah ne ya ba ka. Ƙashi ɗaya nake roƙo. Ko na yatsa ne."

Suka ce abin ya tsaya ƙyam, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya yi gurnani.

Ta sake roƙo. Ya sake gurnani. A na uku ta rarrafa ta kama ƙafarsa, sai ya fizge, ta faɗi ta fasa leɓe.

Ta tashi. Ta kwance zanenta daga ƙirji, ta ɗaga nononta da hannu ta ce, "Wannan ne Auta ya sha shekara biyu. Naman da ka ci, da wannan aka yi shi, don haka ina da hakki a kanka. Allah ya tsine maka. Kada ƙafarka ta sami wurin hutawa. Kada abinci ya zauna maka a ciki. Kada ka ga mai ƙaunarka. Ka mutu inda ba mai binne ka."

Saude ta ce abin ya ja da baya ya shige kogo, suka ji wani irin kuka da ba su taɓa jin dabba ta yi ba.

Su suka sauko da ita a kafaɗa. Ni ban san ta fita ba.

Talata, 7 ga Ramadan, da hantsi

Daudu ya zo ya ji daga bakin matan uku, ya ga leɓen Inna. Ya ce shi ba zai kai 'ya'yan mutane su hau wurin nan ba. Maganar maharba ta mutu.

To, ai abin da ake so ke nan.

Alhamis, 9 ga Ramadan, da la'asar

Jiya na sami Na'Allah a bakin kogo, ba riga, abincin da na kai tun ran Lahadi yana nan tururuwa ta rufe shi.

Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Yaya, ta ɗaga mini nono."

Na ce ba kai ta ɗaga wa ba, dodo ta ɗaga wa.

"Wa ke ciki?"

Na ce haba Na'Allah, ka yi tunani mana. Ai saboda ƙaunarka ta yi. Duk abin da ta faɗa, don kai ta faɗe shi.

Ya ce, "Idona take kallo. Ta ramukan nan da ka huda. Ta rame, Yaya, ka ce tana lafiya. Da ta kama ƙafata na ji hannunta, ba komai sai ƙashi. Na buɗe baki zan ce Inna, sai na hango mata a bayan dutse, na tuna abin da ka ce. Na ja igiyar. Uwata tana durƙushe tana roƙona, na ja igiya sau uku."

Na ce ka yi daidai. Na ce ka ceci ranka.

Ya nuna mini ƙafarsa ta dama. Ya ce da ya koma kogo da gudu ya taka tsinin dutse. Yanka ne ɗan ƙarami a tafin ƙafa, amma ya kumbura. Ya ce, "Ka gani? Da ƙafa ta fara."

Na zage shi. Na ce jahilci ne, mutum ya taka dutse a kan dutse sai ya ce tsinuwa ce? Na dafa ganyen bagaruwa na wanke masa, na ɗaure. Na tsaya har aka sha ruwa na tilasta masa fura. Kafin in gama sa takalmi ya amayar da ita.

Ya ɗago ya dube ni.

Lahadi, 12 ga Ramadan, bayan azahar

Na je wurin Malam Bunu da tambaya a lulluɓe. Na ce Allah ya gafarta malam, a wani littafi na Turawa na ga labari. Uwa ta tsine wa wani ba ta san ɗanta ne ba. Tsinuwar ta kama shi?

Malam ya gyara zama, ya ce ayyuka da niyya suke, Allah ba ya kama bawa da kuskuren harshe. Na ji sanyi. Sai ya ƙara da cewa, "Amma in ni ne ɗan, ba zan kwana ba sai na je ta janye da bakinta. Bakin uwa ba abin gwaji ba ne." Ya daɗe yana kallona ta saman tasbaharsa, sannan ya ce, "Wane littafi ne wannan, Falalu?"

Na ce na manta sunansa.

Na kai wa Na'Allah rabin farko na amsar. Ya ce, "Malam ba shi ya ji ba. Ni na ji."

Laraba, 15 ga Ramadan, da safe

Ina rumfar shanya ran nan da Inna ta hau dutse. Aiki ya yi mini yawa.

Asabar, 18 ga Ramadan, da la'asar

Kumburin ƙafar Na'Allah ya kai ƙauri. Ya rame har ina ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Ba ya sa fatar kuma, ya tura ta can ƙuryar kogo, amma ya ce in ya juya sai ya ga kamar ta matso. Ba buƙatar ya sa ta ma. Ba mai hawa. Makiyaya sun canja hanya, an daina noma gonakin gindin dutse, geron ya nuna tsuntsu na ci. Jiya a kasuwar Roni na ji wani mutumin Babura yana ba da labari wai dodon ya cinye mutum tara.

Na'Allah ya ce in gaya wa Inna, ko shi ya sauko.

Na ce ya ba ni kwana goma. Na ce zan sa ta yafe ba tare da ta sani ba. Ina da dabara.

Ya ce, "Kullum kana da dabara, Yaya."

Litinin, 27 ga Ramadan, da hantsi

Jiya bayan an sha ruwa na zauna kusa da ita. Na ce Inna, kwanakin nan ne ake neman gafara, malamai sun ce wanda ya yafe wa halittar Allah duka, Allah zai yafe masa. Ki ce kin yafe wa kowa da komai, mutum da aljan da dabba.

Ta ce, "Na yafe wa kowa. Na yafe wa mai gari. Na yafe wa Turawan da suka ɗauki babban, su ma aike su aka yi. Na yafe wa kowa ban da shi."

Na ce Inna, dabba ce fa, ba ta da hankali.

"Da dabba ce da ta cinye ni. Ya ji maganata sarai. Na ga idonsa, idon mai ji ne. Ya ji, ya hana ni."

Na ce to ko don ladan ya kai ga Na'Allah.

Ta juyo ta dube ni. "Kai me ya haɗa ka da shi da kake masa roƙo? Kullum in na idar da salla sai na ƙara masa tsinuwa. Shi ne abin da ya rage da nake yi wa Auta."

Kullum. Sau biyar a rana, kwana ashirin da ɗaya.

A nan ya kamata in faɗa. Bakina ya buɗe. Sai na tuna teku, na tuna bargo, na ce mata Allah ya ba mu alheri, na tashi.

Alhamis, 30 ga Ramadan, da azahar

Kwana goma sun cika shekaranjiya. Ban hau ba. Ba ni da abin da zan ce masa.

Juma'a, ranar Sallah, bayan la'asar

Ya sauko.

Muna filin idi, duk maza. Da na dawo na tarar da mata cike da ƙofar gidanmu. Suka buɗe mini hanya. Ya ratso gari da rana tsaka, da sanda, yana jan ƙafa, ba fata ba komai, daga shi sai wando. Waɗanda suka fara ganinsa sun watsar da tuwon Sallah sun gudu.

Na same shi durƙushe a tsakar gida, goshinsa a kan ƙafar Inna. Ita tana zaune a kan turmi, tana shafa kansa da kunnuwansa da bayan wuyansa, a hankali, yadda ake duba jariri. Ba ta yi kuka ba. Ya riga ya gaya mata. Ban san da waɗanne kalmomi ba.

Ta ce, "Ɗago."

Ya ɗago. Ta riƙe fuskarsa ta ce, "Na janye. Ƙafarka ta huta. Abinci ya zauna maka. Ka ga masu ƙaunarka duk inda ka shiga." Ta tsaya a nan.

Ya ce, "Inna, saura ɗaya."

Ta kasa maimaita ta ko don ta janye. Ya ce, "Inna, ki faɗa, don Allah. Ita ce ta fi tsorata ni."

Ta ce, "Ka mutu a ɗakinka, da tsufa, 'ya'yanka su binne ka. Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka." Ta tofa masa a ka sau uku.

Sai ya ce yunwa yake ji. Ta tashi da kanta ta zubo masa tuwo. Ya cinye malmala uku ina tsaye ina jira ya amayar, bai amayar ba. Ya kwanta a tabarmarta ya yi barci, ita tana kore masa ƙuda.

Saude na bakin ƙofa. Ba ta shigo ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Sama'ilu fa?"

Lahadi, 3 ga Shawwal, da hantsi

Daudu ya zo da mutum biyu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce za a kai shi Kazaure a yi wa ƙafar magani, in ta warke ya bi sahu. Sama'ilu kuwa ya riga ya yi nisa, ba a dawo da wanda ya tafi.

Na ce a ɗauke ni a madadinsa. Daudu ya ce ni tawa daban ce, alƙali zai neme ni, in miƙo hatimin tukuna. Na miƙa.

An ɗora Na'Allah a jaki. Fuskarsa fes, wallahi kamar mai tafiya biki. Ya ce, "Yaya, kada ka damu. Yanzu ko ina aka kai ni da albarkata zan tafi." Ya ce in riƙa sa Inna tana cin abinci.

Inna ta raka su har bakin gari. Ta ba shi ƙyallen farin nan ya ɗaure ƙafa.

Laraba, 6 ga Shawwal, da azahar

Mai gari ya sa an sauko da fatar an ƙone a bayan kasuwa. Da aka shimfiɗa ta a rana ba ta fi tsummoki ba. Na zaci za a yi dariya. Ba wanda ya yi. Ba wanda ya gaishe ni.

Inna tana dafa abinci, tana ajiye mini nawa a ƙofar ɗaki. Tun ranar Sallah ba ta ce mini ko sannu ba.

Juma'a, 8 ga Shawwal, bayan la'asar

Ta yi magana.

Na shigo na tarar ta ajiye tuwon, amma ba ta tafi ba, tana zaune a gefen tabarma. Na durƙusa. Ta ce, "Ƙaryar mutuwar na gane ta. Tsoro ne, ni ma da na sani wataƙila da na taya ka. Abu ɗaya zan tambaye ka. Saude ta ce ranar da na hau dutse, kai ka je ka ce su bi ni."

Zan rubuta shi yanzu, tunda na faɗa da baki.

Hanyar dutse ta gaban rumfar shanya ta bi. Na gan ta. Na ga sandar, na ga farin ƙyallen, na san inda za ta da abin da za ta roƙa. Taku goma ne tsakaninmu. Da na ce Inna, da ta juyo. Sai na tuna Daudu da maharbansa, na ce a raina in dodo ya kori uwar yaron a gaban shaidu, magana ta ƙare. Na sunkuyar da kai a kan kirgi har ta wuce. Sannan na ruga gidan Saude, matar da aka ɗauki ɗanta a madadin namu, na ce don Allah ku bi Inna kada wani abu ya same ta.

Na ce, "Haka ne, Inna. Na gan ki."

Ta ce, "Ka san shi ne a ciki."

Na ce na sani.

"Ka san zan roƙe shi."

Na ce na sani.

Na kama ƙafarta na ce Inna ki tsine mini, na cancanta, ko ki yafe mini, amma ki faɗi ɗaya. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko da aka kawo bargon Halliru.

Ta zare ƙafarta a hankali. Ta ce, "Na buɗe bakin nan sau ɗaya, na ga abin da ya yi. Ba zan tsine maka ba, Falalu. Albarkar kuma na duba, ban same ta ba. In ya dawo ka sake tambayata."

Na ce in bai dawo ba fa?

Ta miƙe, ta dafa bango, ta ce, "Ci tuwonka, zai huce."